Ranar da Jiniya Ta Ci Katangar Rumawa

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi a wani kamfanin robobi a Sharada, ban da ranar da muka yi yaƙin Rumawa a filin lodi.

Akwai abokin aikinmu ɗan Filato, muna ce masa Tica. Tarihi ya karanta, rashin aiki ya kawo shi gaban inji. Wata Hajiya mai makaranta a Panshekara ta ce za ta ɗauke shi koyarwa idan ta ga ya iya shigar da tarihi kan mutane. Shi ne ya gayyace ta walimar ƙarshen shekara, ya shirya mana wasan yadda ƙabilu suka riƙa kai hari kan katangun iyakar Rum a ƙarshen daular.

Ni aka naɗa sarkin yaƙin ƙabilu, wai na fi kowa baki. Rumawa kuwa 'yan aikin safe ne, murafen durom ne garkuwarsu. Tsarin shi ne mu ture katangar kwalaye ta zube. Ashe 'yan lodi sun jera kwalayen nan yadda suke yi a tirela, a sarƙe, har da ɗaurin igiya. Muka tura, muka sa kafaɗa, ko gezau. Na hango Tica yana share gumi, Hajiya tana duba agogo. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Sai jiniyar tashin 'yan aikin safe ta yi ƙara, don ba wanda ya tuna ya kashe ta. Kafin ka ce kwabo Rumawanmu sun zubar da garkuwa, sun buɗe 'yar ƙofar katangar, sun nufi get kada a riga su adaidaita. Jiki ya saba. Mu kuwa muka kwarara ciki muna ihu.

Tica ya haye benci. "Hajiya, kun gani? Haka aka yi a wurare da dama. Aka janye sojoji zuwa wani yaƙin, katanga na tsaye aka shige."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Malam, ka zo ranar Litinin."

A kafaɗa muka ɗauke shi, har da Rumawan da suka dawo a kunyace suna tambayar wa ya ci. Ban taɓa jin daɗi a wurin aiki kamar ranar ba. Tun daga nan na gane, komai ƙarfin abin da ka gina, idan hankalin masu tsaronsa yana gida, ba naka ba ne.