Tsagar Baba

Shekara bakwai na yi ina gyaran hoto a wani ɗan shago a Gumel da tsohuwar manhajar kwamfuta, irin wadda sai ka zauna kana bin fuska a hankali kamar mai tsintar shinkafa. Ban taɓa ɓata hoton kowa ba. Da na tashi ɓatawa, namu na ɓata.

Wani abokina mai sayar da wayoyi a Maigatari ne ya sa mini sabuwar manhaja a waya. Ya ce, "Kai har yanzu da fartanya kake noma, ga tarakta?" Dannawa ɗaya, ƙuraje su ɓace, baƙi ya yi haske. Masu zuwa ɗaukar fasfo kuwa abin da suke so ke nan, kowa sai ya ce a ɗan wanke shi. Na rungume ta hannu bibbiyu, na bar kwamfutar tana hutawa.

Bayan arba'in ɗin Baba, Inna ta aiko mini daga ƙauyenmu na wajen Gagarawa da hotonsa ɗaya tilo, na jikin wani tsohon katin shaida. Shi ba mai son hoto ba ne, wannan ma dole ce ta sa. Ta ce a ƙara masa girma a sa a firam. Danshi ya riga ya manne katin da ledarsa. Na ɗauke shi da waya, na danna gyara, na danna ajiyewa. Manhajar ta yi mini wata tambaya da Turanci, na amsa ban karanta ba. Ashe tambaya take ko ta shafe na asalin. Sannan don karambani na ce bari in ɓare ledar in sake ɗauka da kyau. Fuskar ta biyo ledar, ta bar mini farar takarda a hannu.

Na lallashi kaina da cewa ai gyararren yana nan, kuma ya fito tas. Ranar Juma'a na hau babur na kai wa Inna. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallo.

"Wannan wane ne?"

"Baba ne mana, Inna."

"To ina tsagarsa?"

Sai a lokacin na gani. Tsagar gado da wanzami ya yi masa yana jariri, manhajar ta ɗauka karce ne a jikin katin, ta share. Ta cike masa kumatu, ta miƙar da hancin, ta ba shi fatar wanda bai taɓa wuni a gonar gero ba.

Na koma kan tsohuwar kwamfutata don in mayar da tsagar da hannu. Nan na gamu da abin da ya fi ba ni kunya: na kasa tuna ko nawa ce a kowane kunci. Fuskar da na tashi ina kallo. Dole na sake komawa ƙauye na tambayi Inna. Ta kama haɓata, ta zana mini su da yatsa a kuncina, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta ɗan karkace kusa da kunne.

Kwana uku na yi ina zanawa. Da na kawo, ta duba ta ce, "Tsagar dai tasa ce. Rataye shi." Tun ranar ban ga ta ɗaga kai wajen bangon nan ba, kuma abin yana ci na har yau.

'Yata da aka haifa bayan rasuwarsa ta fara magana bana. Duk zuwan da muka yi sai ta nuna firam ɗin ta ce, "Ga Kaka." Inna takan ci gaba da tankaɗenta. Ni kuma nakan ce e, shi ne, don ba ni da wani da zan nuna mata.