Kalmar da Malama Ramatu ta kasa faɗa

Har yau ban mance da ranar da Malama Ramatu ta miƙa aiki ba. Lokacin yankan rake ne, ina shara da ɗibar ruwa a wani ƙaramin asibiti cikin ƙauyukan Makarfi. Ita ce jami'ar adana bayanai, an kuwa yi mata canjin aiki zuwa Ikara.

Ku da kuka zo daga baya, bari in gaya muku yadda abin yake. Sunayen matan da ke karɓar magani duk wata, irin maganin da mace ba ta so maƙwabta su sani, suna cikin kwamfuta a kulle. Mabuɗin ba na ƙarfe ba ne. An ce rubutu ne dogo, yana zaune cikin filashi, ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa kwamfuta, shi ma filashin sai da kalmar sirri yake buɗewa. Dokar ofis: filashi hannu da hannu, kalma baki da kunne. Ba waya, ba takarda. In kalmar nan ba ta wuce ba, gobe mata su zo, ba wanda zai san maganin kowa.

Malam Sabi'u, wanda zai gaje ta, ya iso da hantsi da sabuwar kwamfuta. Aka gaisa, ta miƙa filashi, ya karɓa da hannu biyu. Ya matso da kunne.

Ta buɗe baki, ta mayar ta rufe.

Ya ce, "Malama, ko kin manta ne?"

Ta girgiza kai.

"To ki turo min ta waya in kin isa, mota na jiranki."

Ta ce, "Malam Sabi'u, kai da bakinka? Abin da ya shiga waya ai ya shiga kasuwa."

Ya yi dariya, ya ce gwada ta yake yi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta fito bayan ofis inda nake wanke bokiti, ta tsuguna kusa da ni.

Ta ce, "Iya, na farin ne."

Nan na gane. Wace uwa ce a ƙasar nan za ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari? Yaron kuma ya rasu tun yana goye, kafin ta zo wurinmu. Sunansa ta haɗa da wasu kalmomi ta kulle mabuɗin, don ta san ko a mafarki bakinta ba zai suɓuce da shi ba. Ashe kullum da safe, in na ga ta ɗan daɗe a gaban kwamfuta, ɗanta take kira da yatsu.

Na ce, "'Yar nan, to yatsun su ƙarasa aikinsu mana."

Muka koma. Na ce wa Malam Sabi'u, "Ɗana, kalmar ba ta faɗuwa. Kada ka tambaya."

Allah ya yi masa albarka, bai tambaya ba. Ya ce akwai hanya, har ma ta fi: ita ta buɗe da hannunta, shi ya sa sabuwar kalma tasa, tsohuwar ta daina aiki.

Ta ce, "Ta daina?"

Ya ce, "Daga yau."

Ya juya ya fuskanci bango. Na ware mayafina na kare ta, ni ma na kau da kai. Na ji maɓallan suna ƙara a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ta gama ta share fuska, ta ce, "Bismillah, Malam." Ita ma ta juya masa baya ya sa tasa. Washegari kowace mace ta karɓi maganinta.

Shi ya sa nake ce muku, in abokin aiki zai miƙa muku mabuɗi, ku bi doka, amma kada ku yi masa gaggawa. Ba ku san abin da yake ajiyewa ba. Ni da na riƙe mayafin, har yau ban san sunan yaron ba.