Ƙofar da ke Bayan Motar Baba

Ina ƙarama Baba ya gaya min wai akwai dawakai a cikin injin motarsa, ni kuwa na yarda. Da hantsi sai in kwantar da kunnena a kan murfin injin mai ɗumi, in ji suna numfashi a hankali, in riƙa ganinsu a raina farare suna gudu a bakin tekun Kwatano, wajen unguwar Placodji, inda masunta ke jan koma. Har na yi aure, aure ya mutu, na dawo gida na kama sayar da atamfa, ban daina jin wannan numfashin ba.

Motar doguwa ce, irin mai buɗaɗɗen baya, da ita Baba ya yi fataucin albasa. Da idonsa ya tafi sai ta zama zaurensa. Kullum tana ƙofar gidanmu a Zongo, ƙofofinta a buɗe, yana zaune a kujerar gaba da carbi, abokansa na kawo masa hira. Ni ke tayar da ita ranar Juma'a in kai shi masallaci in dawo da shi.

A bayanta kuwa akwai kayan da ba mai taɓawa: ƙofar ƙarfe shuɗiya da gimshiƙanta, taga biyu, katan-katan na tayil, buhun patta na maƙala ƙofa da kwaɗuna, da injin niƙa na hannu. Ranar da Baba ya bar ƙauyensu can arewa yana saurayi, ƙanwarsa, gwaggona, ta raka shi bakin hanya tana kuka, ya yi mata alkawarin zai dawo a motarsa ta kansa, ya sa wa ɗakinta ƙofar ƙarfe. Ɗaya bayan ɗaya ya tara kayan. Ɗakinmu na haya ƙarami ne, kuma damina na shigo mana har gindin gado, shi ya sa suka zauna a mota. Sun daɗe a wurin har mun daina ganinsu, kamar yadda mutum ke daina ganin bangon ɗakinsa.

Sai ga saƙon murya a wayata daga ƙauye: Gwaggo ba lafiya, ba ta cin abinci sosai, sunan yayanta kawai take kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu.

Na ce, "Baba, gobe mu hau bas."

Ya ce, "Uwata, a motata na ce mata zan zo." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Kai, raina ya ɓaci ranar! Na ce wannan akwalar da ko akuya ta fi ta sauri? Shi kuwa sai shafa sitiyari yake yi. Ni ina da baki, amma ban taɓa iya kayar da shirun Baba ba. Washegari na ɗauko makulli.

Kwatano shimfiɗaɗɗen gari ne, ba tudu ba gangare, don haka ba mu taɓa sanin ƙarfin motar ya ƙare ba. Muka ce bari mu gwada ta a gadar sama ta Godomey, tunda hanyar arewa akwai hawa. Ko rabi ba mu kai ba ta soma tari, ta yi ajiyar zuciya, ta tsaya cak. 'Yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu riga ruwan ɗorawa suka yanyame mu da ham, wani har yana ce min in koma kicin. Na leƙo na wanke shi tas da Hausa da Faransanci. Da baya-baya muka sauko, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Akwai wani tsohon bakanike Bafone, ɗan asalin garin, a unguwar Sainte-Rita, mai Hausar kasuwa, wanda ya san motar tun tana amarya. Na gaya masa gaskiya, ba ni da halin sabon inji, kuma ba ni da lokaci.

Ya ce, "Hajiya, dawakanta ba su mutu ba, shaƙewa suka yi. Bari mu buɗe musu hanci."

Kwana uku muna zuwa. Ya kwance karbireto ya wanke, ya nuna min laka ja da man kwalba na bakin titi ya tara a ciki. Ya kankare buji huɗu, wato fulogi, da burushin ƙarfe, biyu suka ƙi, ya sauya su da na hannu. Matatar iska ya buga ta a ƙasa, yashin teku ya zubo kamar gari. Salansa duk gishiri ya cinye ta, ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi waldar wani bututu. Baba na zaune a inuwar mangwaro, kansa a karkace, shi ne alƙali. "Ƙara kaɗan," zai ce. "Yawwa, nan. A'a, ka wuce." Bakaniken na juya sukuru yana dariya, yana cewa kunnen Alhaji ya fi duk na'urar da ke garin nan. Ni kuwa ina gyangyaɗi a benci, warin mai da ƙamshin soyayyar doya na haɗuwa, ina ganin hanya ja tana miƙewa, da wata tsohuwa a ƙarshenta da ban taɓa gani ba sai a hoto.

Muka koma gada tare da bakaniken. Wannan karon ta kusa kaiwa ƙoli, sannan ta soma rawar jiki, ta sake tsayawa. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka, wallahi, kukan haushi da tsoro, don da safen nan aka sake aiko cewa jikin Gwaggo ya ƙara yin nauyi.

Bakaniken ya zagaya motar, ya dubi yadda bayanta ya zauna a kan tayoyi. Ya ɗaga tsohon bargon da ke rufe da kayan, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Alhaji, abin da hannuna zai iya na yi. Saura doki ɗaya, kuma kyauta ne. Amma kai kaɗai za ka iya ba ta."

Baba ya gane. Ya ce a kama hannunsa. Na kai shi bayan motar, ya lalubi ƙofar, ya bi gefenta da yatsa har zuwa mariƙin. Na buɗe baki zan yi magana, Allah ya taimake ni na rufe.

"Da wane ido zan dube ta?" ya ce, sannan ya yi 'yar dariya, don ya tuna ba shi da idon. "Ku sauke."

Maza huɗu suka ciccibi ƙofar. Bayan motar ya ɗago a hankali kamar mai tashi daga sujada. Da muka hau gadar ko tari ba ta yi ba. Baba ya ce, "Muna sama?" Na ce muna sama. Ya sauke gilashi, iskar tafki ta shigo tana kaɗa masa gemu.

Yini biyu muka yi a hanya. Duk tudun da muka haye sai in ji yana motsa baki, yana shirya abin da zai faɗa mata.

Mun same ta da rai. An fito da ita tabarma a ƙofar ɗakinta, labulen buhu na kaɗawa a bayanta, 'yar ƙanƙanuwa, fuskar Baba sak. Na jagorance shi ya durƙusa. Ko gaisuwa bai gama ba sai ya ce:

"Ki yafe min. Na zo a motar, amma ban kawo miki ƙofar ba."

Gwaggo ta kama fuskarsa da hannu biyu, tana shafa gemun, tana dubansa.

Ta ce, "Wace ƙofa, Yaya? Matso inuwa, rana na dukanka."