Ɗanasabe Direba da Hular Wayoyi

Shekara talatin da ɗaya Ɗanasabe ya yi yana jan ƙaramar bas tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun. A wancan zamani babu wayar hannu, don haka kafin ya tada mota mata sun kewaye tagarsa. Wannan ta ce ya gaya wa Shatu ta bakin kasuwa an sauka lafiya, namiji, suna ranar Laraba. Waccan ta ce a shaida wa yayanta a Kaya jikin Inna ya matsa. Bai iya boko ba, bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Kai kawai yake gyaɗawa, ya isar da kowane saƙo ƙofar gidan mai shi, har da irin muryar da aka faɗa masa. In albishir ne ya danna ham tun daga nesa. In rasuwa ce ya kashe mota ya taka da ƙafa.

Ya haura saba'in lokacin da abin ya fara. Sai ya shiga ɗaki ya tsaya, ya rasa abin da ya kawo shi. Lambar motarsa ta farko tana nan daram a kansa, amma maganar da aka yi masa yanzun nan ta zube.

Ɗiyarsa Taibatu, ma'aikaciyar jinya, ita ta ji labarin wani bincike da ake yi a wani asibiti a Sakkwato kan tsofaffi masu irin wannan mantuwa.

"Baba, ba yanka ba ne, ba allura. Hula ce kawai za a sa maka."

"Hula ina da ita," in ji shi. Amma ya bi ta.

Hular roba ce mai wayoyi, da soso biyu jiƙaƙƙu da ake ɗorawa a kai. Likitar, wata matashiya, ta yi masa bayani: wutar lantarki ce 'yar kaɗan za ta ratsa, minti ashirin kullum. Ba ta ɓoye masa ba cewa gwaji ne, wasu na jin sauƙi, wasu ba sa ji.

"Kamar tururuwa na yawo a goshina," ya ce da aka kunna.

Ta karanto masa kalmomi biyar ta ce ya maimaita: cokali, kujera, rago, taga, gishiri. Biyu ya kawo. Sai ya ce, "Likita, wa ke jiran cokalin nan? Da can in an ba ni magana, na san akwai mai tsaye bakin ƙofa yana jiranta."

Likitar ta aje biro. Ta tambaye shi wane irin aiki ya yi, shi kuwa ya kwashe rabin awa yana ba ta labarin hanyar Maradun kafin a zuba kwalta, da shekarar da ya yi ta jigilar leburori zuwa aikin madatsar ruwan Bakolori. Taibatu ma ba ta taɓa jin rabinsa ba.

Kwana biyar suka yi. Ranar ƙarshe ya kawo kalmomi huɗu. Likitar ta ce ba za ta rantse hular ce ba, wataƙila sabo ne da gwajin. Su dawo bayan wata guda.

Da talatar kasuwa ta zagayo, matarsa Gimbiya ta aike shi da kanta, abin da ta daɗe da dainawa.

"Malam, albasa da daddawa da manja. In maimaita?"

"Bari, na riƙe."

Ya dawo da albasa da manja da rake kara biyu. Gimbiya ta duba ledar, ta dube shi, ta shiga maƙwabta ta samo daddawa. Shi kuma ya zauna gindin darbejiya yana feraye mata raken.