Buhun Albasar Cosimo

Shekara arba'in Cosimo Zappia ya yi yana ɗinkin taru a bakin tekun garinmu, a Kalabriya, ba a taɓa ganin ya ji tsoron ruwa ba. Sai da wata masaniya ta zo daga jami'a ta tara mutane a makaranta, ta ce teku ya taɓa tasowa ya haɗiye wannan gaɓa a zamanin kakanni, kuma zai sake.

"Yaushe, 'yata?" in ji Cosimo.

"Ba wanda ya sani, Baba. Ko gobe, ko bayan shekara ɗari biyar. Amma in ƙasa ta girgiza, minti goma gare ku ku isa cocin kan dutse."

Kowa ya watse ya tafi cin abincin rana. Cosimo ne kaɗai abin ya tsaya wa a rai, don matakala ɗari biyu da talatin ne zuwa cocin, ga shi gwiwoyin matarsa Nunziata sun daɗe da daina aiki. Ya lallaɓa ta ta hau sikelin masu kifi: kilo saba'in da huɗu. Ya cika buhu da jar albasa daidai nauyinta, ya jingine shi a bayan ƙofa. Kullum da safe sai ya saɓa shi ya kama hawa, agogo a hannu.

Saverio wanzami yakan leƙo daga shagonsa. "Maigida Cosimo, uwargida ta tashi lafiya? Na ga kamar ta fara tsiro!"

Cosimo yakan ci gaba da hawa, numfashin ma bai ishe shi ba. A gida kuwa ya fara sa wa kwanon taliyarta ido.

"Tsoho," in ji Nunziata, "taɓa kwanon nan ka ga ambaliyar da masaniyarka ba ta hango ba."

Da minti ashirin da biyu ya fara. Kafin shekara ta zagayo ya sauko tara, har yana tafiya da ƙirji a gaba.

Wata Talata da hantsi kwanuka suka fara rawa a kan kantar girki, ƙararrawar coci ta kaɗa kanta. Cosimo bai tsaya tunani ba, jikinsa ya riga ya san aikin. Ya sunkuya, ya saɓa, ya fita. Ya wuce samari, ya wuce limamin cocin. A sama ya dubi agogo.

"Takwas!" ya yi ihu. "Nunzia, takwas!"

Jama'a suka zuba wa bayansa ido. Can ƙasa teku na kwance lumui, ko kumfa babu.

"To sauke ta ta sha iska mana," in ji Saverio.

Saukowar ta fi hawan tsawo. Ya tarar da ita a kujerarta inda ya bar ta, tana ɓarar wake, fasassun kwanuka zube a gabanta.

"Albasar ta tsira?" ta tambaya, ko kai ba ta ɗaga ba.

Wata guda suna cin miyar albasa. Yanzu kowace safiya Nunziata ce da kanta a bayansa, ita ke riƙe da agogo, tana ƙirga masa da ƙarfi yadda duk layin zai ji. Jiya minti goma sha tara suka yi. Ta ce har yanzu a mace take, gobe a sake.