Riguna Bakwai da Mahbuba Ta Sayar

Ƙanwata Mahbuba ba ta taɓa ganin wuri fari ta ƙyale shi ba. Tun tana 'yar shekara shida take zane a bangon zaure da gawayi, a bayan allo da tawada, har a murfin tukunyar Inna. Gidanmu a Birnin Kudu gidan malamai ne. Babanmu Malam Ibrahim na da makarantar Islamiyya, ni Murja ma a nan nake koyar da ajin mata. To a irin wannan gida a ce yarinya ta zana zakara a bayan allonta, kun san abin da zai biyo baya. Ta sha bulala har Baba ya gaji. Ni kaina na sha murɗe mata kunne, ban ga ya yi wani amfani ba.

Juliet ce ta mayar da wannan rashin ji sana'a. Ƙawarta ce tun sakandare, 'yar wani mai gyaran janareto da ya daɗe a unguwarmu. Ita ta nuna mata yadda ake yi. Ki zana abinki a waya, ki ɗora a shafin wani kamfani da ke Legas, su nuna shi a jikin riga ti-shat kamar an riga an buga. Duk wanda ya gani ya so sai ya danna ya biya, kamfanin ya buga ya aika masa har garinsu, ke kuma a turo miki rabonki. Ba shago, ba inji, ba ki taɓa rigar da hannunki ba. Mai sayen ma ba ki san ko wane ne ba, shafin adadin riguna kawai yake nuna miki da garin da aka aika. Ranar da Mahbuba ta yi mini wannan bayani na ce mata wannan ai cinikin aljanu ne. Ta yi dariya, ta ce aljanun suna biya.

Suna biya kuwa. Ta zana shanun nan da mutanen da suka zana a jikin duwatsun garinmu, 'yan makaranta da ke Kano da Abuja suka dinga saye. Duk sanda aka sayi riga sai wayarta ta yi wata 'yar ƙara, ƙil, ita kuma ta yi ta washe baki.

Da ta yi aure sai ta tafi da sana'arta Maruta, cikin Gwaram. Mijinta Haladu manomin riɗi ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen da ko tuntuɓe suka yi sai sun ba dutsen haƙuri. Ba ya gane komai a harkar, amma ya haddace ƙarar nan. Ko yana bakin rijiya ya ji ƙil, sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, an yi ciniki?" Ita kuma ta ce, "An yi, Baban Ruƙayyatu, sai ka zo ka ci arziki."

Haladu na cikin 'yan sintirin ƙauyensu, su goma sha takwas. Lokacin 'yan fashi sun addabi hanyar Basirka, ranar kasuwa da rana tsaka suke tare motoci. Wata rana aka yi arangama a cikin gonar dawa, kowa da adda, kowa da tsohuwar riga, ba ka bambance ɗan fashi da ɗan sintiri. Abdulsalami, abokin Haladu tun na yarinta, ya ga mutum ya ɓullo daga cikin dawa ya kai masa sara, ashe Haladu ne. Na ga ciwon da idona. Kafaɗa ta buɗe har fari na leƙowa, sai da aka yi ɗinki goma sha huɗu. Abdulsalami ya zauna a ƙofar gida yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Mahbuba ba ta yi kuka ba, waya ta ɗauka. Kwana uku ta fito da riga ruwan ɗorawa mai haske wadda ko daga ƙarshen gona za a hango, a ƙirji gora biyu a harɗe da fitila a tsakiya, a baya an rubuta 'Yan Sintirin Maruta. Aka buga guda goma sha takwas, aka ɗauko su a tashar mota. Gaskiya rigar ta yi kyau, kuma ta yi aiki. Cikin wata biyu duk direban da ya hango ruwan ɗorawa a bakin hanya sai ya rage gudu ya gaisa. Mata na miƙa musu ruwa da fura. Fasinja in ya gan su sai ya saki jakarsa ya gyara zama.

Juliet ta kira ta a waya, ina zaune a wurin, ina jin komai. Ta ce, "Mahbuba, tunda sun karɓi nasu, akwai wurin da za ki danna ki rufe shafin rigar nan. Wannan ba ta kowa da kowa ba ce." Mahbuba ta ce, "Haba Juliet, duk zanen da na yi babu kamar wannan, shi ne zan ɓoye? Bari duniya ta gani." Ni da nake da baki a kan komai, har a kan gishirin miyar mutane, ranar ban ce uffan ba. Wannan shirun yana damuna har yau.

Bayan an yanke riɗi wayar ta yi ƙil. Riga bakwai a lokaci ɗaya, duk ruwan ɗorawa. Ta kira ni tana murna, wai ko 'yan sintirin wani gari ne suka ga tsarin ya burge su. Na ce Allah ya sa albarka.

Mako uku bayan nan na je Maruta duba 'yarsu Ruƙayyatu da ke fama da haƙori, ranar kasuwar Basirka. Abin da ya faru a hanya daga bakin direban na ji shi daga baya, wani Jafaru. Ya ɗebo 'yan kasuwa bayan azahar, ya hango mutum bakwai da ruwan ɗorawa a wata kwana, ya taka birki har yana ɗaga musu hannu. Na farko ya zo taga ya kwaɗa masa ƙotar adda a goshi. Suka fito da kowa, suka kwantar a kwalta. Alhaji Sada, wani dattijo mai sayen hatsi, ya ɗago kai ya ce, "Yarana, ba ku ne masu tsaron mu ba?" Suka sare shi a wuya, nan take ya cika. Wata mata ta riƙe ƙullin zaninta, suka sare mata yatsu biyu. Suka kwashe abin da za su kwasa suka shige daji a kan babura.

Haladu na gona ya ji labarin an tare hanya. Ya zura rigarsa, ya hau babur, ya riga sauran 'yan sintiri isa. Kafin ya isa mutanen kasuwa da na ƙauyukan gefe sun cika wurin, ga gawar Alhaji Sada an rufe da buhu. Suka ga mutum ya iso da ruwan ɗorawa. Ko sallama bai ƙarasa ba aka tsinke shi daga kan babur.

Abdulsalami ne ya kira Mahbuba. Ya hango daga nesa, ya tuɓe tasa rigar ya cusa a cikin ciyawa. Ya ce, "Ku zo, za su kashe shi." Muka bar yarinya da maƙwabciya, muka hau acaɓa ɗaya mu biyu.

Ban taɓa ganin mutane haka ba, kuma ba na fatan sake gani. Sun ɗaure shi a jikin wata bishiyar maina. Fuskar ba ta ganuwa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, ɗayan jini ne kawai ke fita. Wani na dukan gwiwarsa da gora, wani ya ɗauko dutse da hannu biyu ya sauke masa a hannun dama, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. An riga an rataya masa taya a wuya, ana ihun a kawo fetur. Wani tsoho na cewa a jira hukuma, aka ture shi ya faɗi. Cikin masu dukan har da waɗanda Haladu ya sha rakawa kasuwa, na san fuskokinsu.

Ni a gefe na tsaya, ba zan ɓoye ba. Mahbuba kuwa ta kutsa da hijabinta, ta tsaya a gabansa, ta ɗaga waya sama.

"Ni na sayar musu!" ta ce. "Wallahi ni ce! Rigar nan ni na zana ta, ni na bar ta a kasuwa, ga shi nan, guda bakwai aka saya. Maigidana bai san komai ba. In kisa za ku yi, ga ni!"

Wani ya ce ashe ma da matarsa ake haɗa baki. Gora ta sauka a damtsenta, ta biyu a baya. Ta durƙusa amma ba ta saki wayar ba, ta rungume Haladu da ɗaya hannun, duk wanda zai kai masa duka sai ya bi ta kanta. A nan bakina ya buɗe. Na faɗa ciki ina kiran sunan Babanmu, ina tambayar su ko a gidan wa aka koya musu dukan mace.

Ba ihuna ne ya tsayar da su ba. Jafaru direba ne ya taso daga gindin motarsa, kansa ɗaure da rawanin wani, ya zo ya kama bakin rigar Haladu ya duba. Ya ce, "Jama'a, ku dakata. Na waɗancan sababbi ne fil, har da layin ninki a jiki. Wannan ta koɗe, ga ma faci a hammata. Wannan Haladu ne, shi ya raka ni makon jiya." Mai jarkar fetur ya tsaya da ita a hannu. Aka fara kallon juna. Kafin motar 'yan sanda ta iso rabinsu sun sulale, sauran kuma kowa na rantsuwa shi rabo ya zo yi.

A asibiti a Birnin Kudu aka ce zai rayu. Idon hagu ya tafi, hannun dama kuma ba zai ƙara riƙe fartanya ba. Mahbuba ta samu karaya a damtse. 'Yan sanda sun bi sawun wanda ya sayi rigunan nan bakwai, suka tarar sunan ƙarya ne, lambar waya kuma an jefar. Sauran 'yan sintiri suka tara rigunansu a bayan gari suka cinna musu wuta. Har yau tana zane, amma na 'yan saukar karatu da 'yan ƙwallo, kuma sai ta ji muryar mutum kafin ta buɗe masa shafi. Ba ta ƙara taɓa ruwan ɗorawa ba.

Abin da ba na mantawa shi ne washegarin ranar da aka doke shi, da hantsi. Muna zaune gefen gadonsa, ni da ita da Juliet da ta kawo kunu. An naɗe masa kai duka sai baki da hanci, tun jiya bai yi magana ba. Cikin ruɗani babu wadda ta tuna da shafin. Sai wayar ta yi ƙil.

Leɓunansa suka motsa. Da ƙyar, ta cikin karyayyun haƙora, ya ce, "Hajiya, an yi ciniki?"

Ta duba. Na leƙa ta kafaɗarta, riga biyar, ruwan ɗorawa. Juliet ta karɓi wayar ta fita da gudu tana kiran kamfanin su tsayar da bugawa, amma kafin ta karɓa sai da Mahbuba ta nemo wurin nan da Juliet ta faɗa mata tun watannin baya. Ta sa babban yatsan hannunta mai lafiya ta danna sau ɗaya, shafin ya rufe. Ko numfashi biyu abin bai ɗauka ba.

Ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta gyara masa mayafi ta ce, "A'a, Baban Ruƙayyatu. Ba a yi ba."