Mangwaron Baba Zacchaeus

Murna ƙanwata ce, ita ce autarmu. A Nukkai aka haife ta. Tun tana 'yar mitsitsiya, in famfon unguwa ya fara ɗiga, sai ka gan ta da robar taya tana ɗaurewa. Da ta gama sakandare ta ce ita gyaran famfo da bayan gida za ta koya. Mama ta yi kwana biyu ba ta kula ta ba. Shekara huɗu ta yi a hannun Oga Rufus, tana shiga ramin da maza ke toshe hanci su ja baya.

Satin da ya wuce aka kira ta unguwar Turaki, gidan Baba Zacchaeus, tsohon malamin makaranta. Gidan ya tsufa, waɗanda suka binne fayif ɗinsa duk sun mutu, ba wanda ya san ta inda ya bi. Bayan gida ya toshe, in an zuba ruwa sai ya dawo. Masu gyara biyu sun zo, duk sun ce jijiyar mangwaron tsakar gida ce ta shiga fayif, sai an sare.

Mangwaron kuwa marigayiya matar Baba ce ta shuka, shekarar da suka tare. A ƙarƙashinsa yake wuni.

Da Murna ta shiga, ta tarar Nathaniel, babban ɗan gidan, har ya kawo mai injin yanka itace. Baba na kan kujera, ya juya wa bishiyar baya.

Nathaniel ya ce, "Madam falamba, maza biyu sun riga sun duba fa. Baba ne kawai ya dage a kira ki."

Ta ce, "Yaya, sun duba, ko dai sun kalli bishiya?"

Ta buɗe jakarta. Kowa na jiran sifana, sai ta fito da bula, irin wadda Mama ke sa wa fararen kayan coci. A wurin wanki ta samo dabarar. Ta dama a bokiti shida, tana zubawa a bayan gida a hankali, in ya sauka kaɗan ta ƙara.

Nathaniel ya yi dariya. "Wanki za ki yi wa masai?"

"I, gobe Lahadi, shi ma zai je coci."

Aka zauna jira. Mai inji ya tsinki mangwaro yana sha. Murna na zagaya gidan ba takalmi, idonta a ƙasa. Gindin bishiya a bushe ƙayau. Can bayan kicin, wajen rumfar mota, ta ji sanyi a tafin ƙafa. Ta durƙusa. Ƙasa ta jiƙe a gindin ƙarfen rumfar, ga shuɗi-shuɗi yana tsattsafowa.

"Baba, wa ya kafa wannan ƙarfen?"

Baba ya juyo da kujera, ya nuna Nathaniel da baki. "Ga injiniyan nan tsaye. Bara ya sayi mota."

Ta haƙa da kanta. Ƙarfen ya fasa fayif, yashi ya yi ta shiga har ya cika shi. Jijiya ko ɗaya babu. Ta yanke wurin, ta sa sabo, ta ce a zuba ruwa. Ruwa ya wuce zuuu.

Nathaniel ya sosa ƙeya. "Ƙanwata, ki yi haƙuri."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba, Yaya. Ga shi can," ta nuna mangwaro.

Baba ya tashi da sandarsa, ya je ya dafa jikin bishiyar, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka." Ya kalli mai inji. "Kai kuma, tunda ka iya tsinka, hau ka cika mata daro."

Da yamma Murna ta shigo gida da daro a ka, hannunta shuɗi har gwiwa. Mama ce ta fara zaɓar manyan, har ta leƙa ta katanga tana kiran maƙwabta su zo su ɗanɗana.